Mai Riƙon Hannu a Ɗakin Dodanni

Ku da kuke zaune a shagon Tanti Ramatu kuna kallon finafinanmu a waya kuna ƙyalƙyala dariya, kuna cewa Zuwaira ta more, ana biyanta tana wasan yara, ga amsarku a rubuce, don in na buɗe baki zan faɗa muryata ba ta fita daidai. Sati biyar ke nan da wani bawan Allah ya kusa mutuwa a kan kujerar aikinmu, da rana tsaka, mutane suna dariya. Tun ranar hannuna na dama yake rawa. Mai rawar hannu kuwa ba ya dasa gashi, ba ya zana jijiya a goshin dodo, ko zare ba ya iya sawa a allura. Ko sana'ar za ta ci gaba da zama tawa, ko in dawo cikinku ina miƙa muku gashi, abin da nake fama da shi ke nan.

Aikina na farko gezar doki ce. Na gama sakandare a Bronx ke nan, ina taya Tanti kitso a nan bayan titin 125th, sai ga wata 'yar guntuwar tsohuwa ta shigo da sanda, ta ce a ba ta ƙunshi goma na gashi mafi kauri, baƙi wuluk. Tanti ta tambaye ta kan wa za a yi wa. Ta ce na doki ne. Tanti ta juyo ta ce mini da Hausa, "Yau mun ga ta kanmu." Tsohuwar ba ta tafi ba. Ta tsaya a kaina har na gama shuku guda, tana kallon yatsuna kamar mai taya akuya, sannan ta rubuta mini adireshi a unguwar Woodside ta ce in zo Asabar. Sunanta Pasing, amma kowa Lola yake ce mata, wato kaka a yarensu na Filifin. Ta yi ƙuruciyarta tana haɗa fuskokin dodanni a finafinan Manila kafin ta biyo 'yarta nan.

Dokin nan ba doki ba ne. Tikbalang suke ce masa: jikin mutum, kan ingarma, aikinsa ɓatar da matafiya a daji, kuma maganinsa ka juya rigarka ciki ya koma waje. A fim ɗin da aka ɗauke ni dominsa, tasi yake ja daga filin jirgin JFK, duk wanda ya ɗauka zuwa Queens sai ya tsinci kansa a New Jersey, fasinjoji na ta tuɓe riguna a bayan mota. Akwai kuma manananggal, mace ce da ke rabewa daga ƙugu, sama ya yi fukafukan jemage ya tashi neman jini, ƙafafu su tsaya a ƙasa suna jiranta. In ka barbaɗa wa ƙafafun gishiri da tafarnuwa, ta shiga uku. Mun yi wani fim da ta bar ƙafafunta inda aka hana ajiye mota, ta dawo ta tarar an ja su. Da na ba Tanti labari sai ta ce, "Wato mayya ce. Mu ma muna da su a Maraɗi, sai dai namu da ƙafafunsu suke tafiya, don ba su yarda da maƙwabta ba."

Ba manyan finafinai ba ne. Masu jinya ne, da direbobin bas, da masu ɗaukar kaya a filin jirgi suke haɗuwa Asabar da Lahadi su yi, a haska a zauren taron coci, a sa a intanet 'yan gida su gani. Amma Lola ba ta san ƙaramin aiki ba. Wata shida na yi ba ta bar ni na taɓa fenti ba. Wankin kwanuka nake, da dasa gashi ɗaiɗai da allura mai tsagaggen baki a jikin roba, da yawon tsintar karyayyun lema a bakin titi duk ranar da aka yi iska, don ƙarafunansu ne ƙasusuwan fukafukai. Jinin fim, da sikari mai yauƙi muke haɗa shi, da kalar abinci, da ɗan garin koko don ya yi duhu. Hanji kuwa tsofaffin safar mata ce a cusa mata auduga. In za mu zubar da ruwan wanki a bayan gida, Lola takan ce "tabi-tabi po", wai neman gafarar mutanen ɓoye ne kada a jiƙa su. Ni kuma in yi bisimilla yadda Inna ta koya mini. Ta ce ba laifi, duk wanda ke wurin zai ji ɗaya daga ciki.

Fuskar farko da na yi ni kaɗai ta wani tsohon aljani ce mai zama a kan suri. Na zuba mata duk abin da na iya. Ranar da aka haska, wata yarinya ta fasa ihu har uwarta ta fita da ita. Ni ina jin daɗi, na ce aiki ya yi. Washegari Lola ta ajiye fuskar a gabana, ta kama kunne ɗaya ta lanƙwasa shi ƙasa, ta cire haƙori ɗaya na gaba.

"Anak," ta ce, haka take kirana, wato ɗiyata, "ido na tsoro ne, kunne da haƙori na dariya. Dodonmu numfashi uku yake tsorata mutum, a na huɗu a yi dariya. In ya wuce haka kin kori kaka da jika daga zaure, kuma su ne masu sayen tikiti."

To yanzu ku saurari abin da ba ya fitowa a wayoyinku. Fuskar roba ba ta zama a kan mutum sai an ɗauki siffar fuskarsa tukuna. Za a zaunar da shi, a rufe gashinsa da hular roba, a shafa basilin a girarsa. Sai a dama wani gari, irin wanda likitan haƙori ke ɗaukar siffar baki da shi, ya yi kauri kamar talge, a lafta masa tun daga goshi har haɓa. Ido a rufe, baki a rufe, kunne a toshe. Kafofin hanci biyu kaɗai ake bari. A kai kuma a jera bandejin filasta, wanda in ya fara bushewa yake ɗaukar zafi. Minti ashirin mutum zai yi a ciki, ba gani, ba magana. Saboda haka dole mutum uku: mai zubawa, mai miƙa kaya, da mai riƙon hannu. Mai riƙon hannu ba ya yin komai sai riƙo. In na ciki ya matsa sau ɗaya, lafiya. Sau biyu, a cire, ko da aikin zai lalace. Kuma mai riƙon hannu ba ya shiga hira, ba ya dariya.

In mace ce a kujera, ni ke riƙewa. In namiji ne, mijin Lola ne, Lolo Ben, wani dogon dattijo mai shiru wanda ya yi ritaya daga gyaran lif. Ban taɓa cewa ba zan riƙe hannun namiji ba. Lola ce ta lura ko gaisawa ba na miƙa wa maza hannu, sai in dafa ƙirji, ta raba aikin haka ba tare da ta ce uffan ba. Na ji daɗin hakan ƙwarai.

Shekarar korona ce ta ɗauke mana Lolo Ben. Rabin 'yan wasanmu a asibitoci suke aiki, ba mai lokacin zama dodo. Keken da muke ɗinka fukafukai ya koma ɗinkin takunkumi. Ni ina unguwarmu Tremont ina yanka yadi, Lola tana Woodside tana ɗinki, wani direban bas cikin 'yan wasa yana kai da kawowa. Da aka dawo aiki sai kujerar Lolo ta zama ba kowa. In namiji ya zo, duk wanda ke kusa shi zai riƙe, wani lokacin Direk, wato mai ba da umarni. Ran da ba kowa, sai na ƙirƙiro dabara: in ba mutum bakin tawul, ni in riƙe ɗaya bakin, in yana so a cire ya ja sau biyu. Lola ta dubi tawul ɗin ta dube ni, ta yi kamar za ta yi magana, ta fasa. Mun yi haka ya fi sau goma ba abin da ya faru.

Mang Isko shi ne tikbalang ɗinmu tun fim na farko. Mang kamar a ce malam ne ko baba. Kaya yake ɗauka a JFK, ya haura hamsin, ga tumbi, ga 'ya'ya mata huɗu, kuma ban taɓa ganin mutum mai ban dariya kamarsa ba. Bos Su yake kirana, wai Zuwaira ya yi masa tsawo. In ya shigo sai ya dafa ƙirji ya rusuna har ƙasa ya ce, "Bos Su, a gyara mini geza, yau akwai 'yan mata a barga." Yana da wata al'ada da kowa ya sani: duk ran da aka ɗauki fuskarsa, ana cikin aiki sai ya fara shure-shure da ƙafa kamar ragon layya, sannan ya saki jiki ya mutu, a yi ta dariya. Lolo Ben ne kaɗai ba ya dariya, don hannun yana hannunsa, ya san ƙarya ce.

Asabar ɗin da abin ya faru ya rame kaɗan, tsohuwar fuskar ta yi masa yawa, za a ɗauki sabuwa. Mu shida ne a ɗakin ƙasan gidan Lola, wajen sha biyun rana. Direk yana riƙe da kyamara, wai zai ɗauki yadda ake aikin a sa a ƙarshen fim. Sauran 'yan wasa biyu ne mata, ɗaya tana miƙa bandeji, ɗaya tana cin taliya. Mang Isko yana da mura, ya ɓoye, ya fesa magani a hanci a cikin mota, don in aka ɗaga aikin sai an jira wata guda kafin ya sake samun hutu. Na miƙa masa bakin tawul. Ya ce, "Igiyar aurenmu," aka yi dariya, Lola ta fara zubawa.

Minti kamar goma sha biyu, filasta ta fara zafi, sai ƙafafunsa suka fara. Direk ya ce, "Ga shi nan, ga shi nan!" ya matso da kyamara. Mai cin taliya har ta ƙware. Tawul ya saki a hannuna, na duba na ga ya yar da nasa bakin. Na ce a raina cikin wasan ne, ai in da gaske ne ja zai yi. Na sunkuya in ɗauka in mayar masa. Wallahi ina murmushi lokacin.

Da na sunkuya ne kunnena ya zo kusa da fuskarsa. Tun da aka fara, hancinsa yana wani ɗan fito siriri, fiii, fiii. Yanzu babu. Na dubi hannunsa, yana buɗewa yana rufewa a iska kamar mai neman abu, farcensa ya koma launin toka. Ban san lokacin da na cusa yatsuna ƙarƙashin haɓarsa ba. Filasta ta riga ta kama. Na ja ta ƙi, na sa gwiwa a kujera na sake ja, ta tsage biyu, ta taho da rabin girarsa. Direk yana cewa, "Ke, ke, me kike yi!" Leɓen Mang Isko ya yi shuɗi. Ya yi wani irin ja na numfashi da ban taɓa ji ba sai a wurin yanka, ya kife a ƙasa yana amai. Ɗaya cikin matan ma'aikaciyar jinya ce, ita ta karɓe shi, aka kira motar asibiti. Da za su fita da shi ya ɗaga yatsa ya nuna kyamara, da ƙyar ya ce, "Direk, ka samu? Ba zan maimaita ba." Ba wanda ya yi dariya.

Kafin magariba aka sallame shi daga asibiti. Ni kuwa kwana tara ban je Woodside ba. Na zo shago, kun gan ni, na ɗauki kan wata mata zan yi mata kalaba, tsaga ta ƙi miƙewa, Tanti ta karɓa. Bayan an tashi ta zaunar da ni na faɗa mata komai, har tawul ɗin.

"Tawul?" ta ce. "Zuwaira, in kika ga mutum ya faɗa rijiya, sai ki ce ya dakata ki nemo tawul?"

"Tanti, ai sau goma ana yi."

"Sau goma Allah yana rufa miki asiri. Ni nan ƙarti nawa nake kitsa wa kai a shagon nan, har da masu gemu? Likita mace ba ta taɓa maras lafiya? Kunya ado ce, ban hana ki ba, amma ba a ɗaure ran mutum da ita. Ki tambayi malamin da kika ga dama a Tremont, in ya ce miki ba haka ba, ki zo ki faɗa mini."

Na tambayi malamar da ke koya mana karatu ranar Lahadi. Abin da Tanti ta faɗa shi ta faɗa, sai dai ita ba ta yi mini tsawa ba.

Rana ta goma Lola ta kira ni. Na ɗauka sallamata za ta yi. Na tarar ita kaɗai ce da 'yarta, an kulle ƙofar ɗakin, an rufe 'yar tagar da zane. Ta nuna mini kujera.

"Laifina ne," ta ce. "A Manila ba mai taɓa kwanon zubi sai an ɗauki tasa fuskar. Na ɗaga miki saboda ɗankwalinki, na ɗaga miki hannu, na ga tawul na yi shiru. Ina sonki sai na cuce ki. Ba namiji a gidan nan yau. Zauna."

Na cire ɗankwali na zauna. Abin yana da sanyi da farko, yana gangarowa kan ido, sai duniya ta ɗauke. Kunne ya toshe, ba abin da kake ji sai bugun zuciyarka. Da filasta ta fara zafi sai na ji kamar an gina ɗaki a kan fuskata. Na manta sau nawa ake matsawa. Na manta ma akwai wata alama. In da tawul aka ba ni, da na yar da shi tun a minti na uku, don a can ciki hannu ba ya neman tsumma, mutum yake nema. Na damƙe yatsun Lola, ƙanana, masu kaushi, na ji ƙashinsu yana motsi. Ba ta janye ba. Duk sanda numfashina ya rikice sai ta shafa bayan hannuna da babban yatsa, a hankali, har in bi ta. Ashe ba jiran matsi mai riƙo yake yi ba. Kafin na ciki ya san yana cikin wahala, gumin tafinsa ya riga ya faɗa. Da 'yarta ta ɗaga abin, na ga shatin farcena huɗu a hannun tsohuwar nan, ɗaya yana jini. Ta duba ta ce, "Ben har yatsa aka taɓa targaɗa masa. Ke mai sauƙi ce."

Asabar da ta wuce waccan Mang Isko ya dawo, mura ta warke, gira ɗaya da rabi. Matarsa ta rako shi, ta zauna a kan matakala da jaka a cinya, fuskar nan ba annuri. Lola ta sa ya ja numfashi ta kowace kafar hanci sau goma tana saurare. Ta ce Direk ya ajiye kyamara a waje, kuma duk wanda ya ji dariya ya hau sama. Sannan ta tambayi Mang Isko wa yake so ya riƙe shi, ga matarsa nan.

"Ita?" ya ce. "Ta gano inshorar raina ta fi albashina. Bos Su nake so."

Matar ta jefe shi da takalmi. Ya dafa ƙirji zai rusuna mini yadda ya saba, sai na miƙa masa hannu. Ya tsaya yana kallonsa. Ya goge tafinsa a wando, ya kama.

Minti ashirin da biyu muka yi. Ƙafarsa ko motsi ba ta yi ba. Nawa hannun ne yake ta kaɗawa har zobensa yana ƙwanƙwasa hannun kujera, kowa yana ji. Can wajen rabi, ya lalubo da ɗaya hannunsa ya ɗora a kan nawa, ya danne shi, muka zauna a haka har filasta ta bushe. Siffar ta fito tsaf, har gurbin girar da na cire. Yana goge fuska ya ce wa Lola, "A rubuta a takarda, yau ni na riƙe Bos. A ba ni kuɗin mai riƙo."

Lola ba ta kula shi ba. Ta ɗauko sabon kan dokin, roba tsirara ba gashi ko ɗaya, ta ajiye a gabana da allura da ƙunshin gashin shagonku. Na ce mata hannun bai daina ba. Ta ce ta gani, ai ba makauniya ba ce, doki dai ba zai fita da sanƙo ba. A ranar, layi uku na dasa sai allura ta faɗi. Gezar tana cin layi sittin, kuma ran sha biyar ga wata za a ɗauki fim. Jiya na yi goma sha ɗaya kafin allurar ta faɗi, na ɗauka na ƙara biyu.